Karnuka a motar RV da ƙananan wuraren zango

Ka ce ko ƙananan wuraren zango a Amurka suna bari a shigo da karnuka biyu a RV, wato motar tafiye-tafiye mai wurin kwana a ciki. Eh, yawanci suna bari, amma ka buga musu waya kafin ka biya, wasu ba sa karɓar kare irin Pitbull saboda inshora, kuma igiyar kare kar ta wuce ƙafa 6.

Ni dai wutar lantarki ce damuwata. Da yawansu wuta mai ƙarfin 30 amp kawai gare su, in ka haɗa AC da hita ta ruwa tana iya yankewa, to in ka bar karnuka a ciki da rana a jiha mai zafi irin Arizona ka tafi kanti, wallahi motar tanda take zama nan take. Ka fita da su kawai.