Amsoshin tambayoyinku: Injin esfireso ne da laifi, ko niƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sati uku ke nan da na sayi ƙaramin injin esfireso na gida. Da na danna maɓalli sai ruwa ya kwararo kamar an buɗe famfo, cikin daƙiƙa goma finjali ya cika, gahawar salam, ga tsami. A jikin kwalin an rubuta bar 15, na kuma ga wani mai bar 20. In mayar da nawa in cika kuɗi in ɗauko wancan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Bar ma'aunin matsin ruwa ne, lambar da ke jikin kwali kuma iyakar ƙarfin famfon injin ce, masu talla ne ke son ta. Esfireso kuwa, wato gahawa mai kauri da ake tatsowa da matsin ruwan zafi, a wajen bar 9 ake haɗa shi, kuma haka aka saba tun injin Faema E61 da ya fito a Italiya a 1961. Mai bar 20 ɗin nan, in ka zuba masa garin da kake zubawa yanzu, tsamin nan dai zai ba ka.

Matsi ba ya samuwa sai in garin gahawa ya tare wa ruwa hanya. Garinka tsaki-tsaki ne, ruwa na ratsa shi ya wuce bai ɗebo komai ba sai tsami, domin tsami ne ke fara narkewa, zaƙi da kauri na biyo baya, ɗaci ya zo a ƙarshe. Kai a zangon farko kake tsayawa kullum.

Ga inda za ka fara. Nemi ƙaramin sikeli mai auna kashi ɗaya cikin goma na giram, shi ne mafi arha cikin kayan nan kuma ya fi yawancinsu amfani. Auna giram 18 na gari, in kwandon injinka, wato ɗan kofin ƙarfen da ake zuba garin a ciki, na ɗaukar hakan, don wasu ƙananan 14 zuwa 16 suke ɗauka. Ɗora finjali a kan sikelin, ka tsayar da ruwa idan ya kai ninki biyu, wato giram 36. Ana so hakan ya ci daƙiƙa 25 zuwa 30. In ya gama da wuri, ƙara wa niƙa laushi. In ya tsaya yana ɗiga kamar hawaye har ya haura daƙiƙa 40, ga ɗaci, sassauta. Abu ɗaya tak za ka riƙa canzawa a kowane gwaji. Wanda ya canza niƙa da awo da irin gahawa a lokaci guda, ko ya dace bai san da me ya dace ba.

Sai abu biyu da sababbin shiga ke mantawa. Ruwan esfireso na son zafin digiri 90 zuwa 96, ƙarfe mai sanyi kuwa shanye zafin yake yi, don haka bar injin ya ɗumama da ludayinsa, wato mariƙin da kwandon ke zama a ciki, a maƙale, ka saki ruwa zalla sau ɗaya kafin ka zuba gari. Na biyu, cire kwandon ka kifa shi. In ka ga rami ɗaya tilo a ƙasa, mai bango biyu ne, wanda aka yi don garin da aka sayo a niƙe: shi ke ƙirƙirar matsin da kansa, ƙidayar daƙiƙa ba za ta gaya maka gaskiya sosai ba. Ranar da ka samu injin niƙa na kirki, sayi kwando mai ramuka da yawa, amma auna faɗin naka, akwai mai milimita 58, da 54, da 51.

Tambaya: Malam, ina da ƙaramin injin niƙa mai wuƙa da ke juyawa. Maigidana ya ce niƙa ai niƙa ce. Shin dole sai na sayi wani? In dole ne, na hannu ko na lantarki?

Amsa: 'Yar'uwa, a gaishe da maigida, amma a nan kam ban bi bayansa ba. Mai wuƙa sara yake yi, ya bar miki wani ɓangare ƙura, wani ɓangare tsakuwa. Ƙurar ta ba da ɗaci, tsakuwar ta ba da tsami, kuma gobe ba za ki iya maimaita abin da kika yi yau ba. Abin da kike buƙata shi ne mai haƙoran ƙarfe biyu da ke murƙushe ƙwayar a tsakaninsu, ana matso su ko a nesanta su. Ki tabbata an ce na esfireso ne, domin wasu matakansu manya ne: mataki ɗaya ruwa ya zube, na gaba ya toshe, abin da kike nema kuma yana tsakiya.

Na hannu ya fi sauƙin kuɗi idan ingancin haƙoran ɗaya ne, ba shi da ƙara, kuma giram 18 bai fi aikin minti ɗaya ba. Ni da shi na fara, har ranar da baƙi huɗu suka ce kowa zai sha, kafaɗata ta ba ni labari. In finjali ɗaya ko biyu ne a rana, ɗauki na hannu. In gida ne mai jama'a, ki daure ki tara na lantarki. Da za a ba ni kuɗi a ce in raba tsakanin injin dafawa da na niƙa, ba zan ba na niƙa ƙasa da rabi ba.

Tambaya: Gahawata ba ta yin kumfar nan mai ruwan zinariya a sama. Akwai wani abu da ake sayowa a ƙara?

Amsa: Babu, ɗan'uwa. Kumfar iskar kabon ce da ke maƙalewa cikin ƙwaya lokacin gashi, matsi ya narkar da ita cikin ruwa, ta taso idan ta faɗo finjali. Shi ya sa ba a san ta sosai ba sai da injin Achille Gaggia, wani ɗan Italiya, mai hannun ja ya yaɗu a ƙarshen shekarun 1940, ya kawo matsin da tururi kaɗai ba ya iya kaiwa. Ƙwayar da ta yi watanni a kan kanta ta riga ta saki iskarta. Duba leda ka nemi ranar da aka gasa, ranar ƙarewar wa'adi ba ta da amfani a nan. Wadda aka gasa jiya ma ba ta nuna ba, iska ta yi mata yawa, a ba ta kamar sati guda. Daga nan zuwa wata ɗaya ko fiye kaɗan ne ganiyarta, in an rufe ta ruf, nesa da rana da danshi.

Kada dai kumfa ta ruɗe ka. Nau'in gahawa na robusta ya fi na arabika kumfa, bai fi ta daɗi a bakin mutane da yawa ba. Ɗebi kumfar kaɗai a cokali ka lasa, za ka ji ɗaci. Kuma tunda koyo kake, sayi mai matsakaicin gashi ko mai ɗan duhu, ka tsaya a kan iri ɗaya. Mai hasken gashi gardama gare ta, ko gwanaye tana ba su aiki.

Tambaya: Malam, awo daidai, lokaci daidai, amma gahawar ga tsami ga ɗaci a kurɓi ɗaya, har da bauri. Na ga madannin gari mai sifirin da ke auna ƙarfin dannawa. Shi ne maganin?

Amsa: Da wuya, Malama. Tsami da ɗaci tare alama ce ta ruwa ya samu ɓaraka. Ruwan da ke ƙarƙashin matsi inda ya fi sauƙi yake bi: in akwai ƙulalai a garin, ko gefe ɗaya ya fi tudu, sai ya huda rami ya yi ta bi ta nan, ya tatse wurin har ya yi ɗaci, sauran garin kuma ya bar shi kusan ɗanye. Kafin ki danna, ki tona garin da siraran allurai har ƙasa, ki baje shi ya kwanta bai ɗaya. Ana sayar da abin tonon, wasu kuma allurai suke sokawa a toshiyar kwalba su yi nasu. Sannan ki danna a miƙe, har ki ji garin ya daina nutsewa. Ƙarfin da kika ƙara bayan nan asara ne, karkata ce ke ɓata aiki. Kada kuma ki ƙwanƙwasa gefen ludayi bayan kin danna, tsaga garin yake yi.

Wasu madannai masu sifirin na taimaka wa wanda hannunsa ke karkata, amma na roba mara nauyi da ke zuwa cikin kwali shi ne ya cancanci a canza shi da na ƙarfe wanda ya cika bakin kwandon. Wani abin mamaki, niƙa in ta cika laushi ita ma tana jawo ɓarakar nan. In kin yi duk wannan baurin bai tafi ba, sassauta niƙar mataki ɗaya ki gani.

Tambaya: Ruwan injina ya rage gudu ko babu gari a ciki. Ya mutu ne?

Amsa: Bai mutu ba, Malam, da alama farin dutsen da ruwa mai yawan ma'adinai ke bari ne ya taru a bututunsa. Sayi maganin wanke shi da littafin injin ya ambata, ka bi umarnin, ka kuma kwance rariyar da ruwa ke fitowa ta cikinta ka goge maiƙon gahawa. Nan gaba yi amfani da tataccen ruwa mai sauƙin ma'adinai. Wanda aka cire wa ma'adinai gaba ɗaya kuma ka guje shi: gahawarsa lami ce, kuma wasu injinan ba sa ma gane akwai ruwa a tukunyarsu in shi aka zuba.