Manhajar da ke jiran lokacin tashi kafin ta rubuta bashi

Wani ɗan kasuwa ya aiko da wannan: "Ina harkar sarin kayan masarufi a kasuwar Singa. Ɗan ƙanena da ya karanci kwamfuta ya haɗa mini manhajar rubuta ciniki da bashi a waya, sai na jingine littafi. Sau uku ke nan lissafin yini guda yana ɓacewa. Na ƙarshen, bashin kusan naira 400,000 ne ban san wa da wa ke riƙe da shi ba. Yaron ya ce wayar ce ke kashe manhajar kafin ta adana, in ba shi 150,000 ya ƙara mata abin da zai sa ta tattara komai ta ajiye a daidai lokacin da za a kashe ta. Ya ce in ta gyaru, 'yan kasuwa dubu za su saya. In biya?"

Alhaji, kada ka biya. Abin da yaron nan yake so ya sayar maka, su kansu masu Android sun gaya wa masu haɗa manhaja kada su dogara da shi. Akwai wata ƙofa da ake kira onDestroy, inda manhaja kan yi 'yan share-sharenta kafin ta rufe, kuma a rubuce yake cewa ba kullum ake bi ta nan ba. Akwai onTaskRemoved, wadda kan yi aiki idan ka share manhajar da yatsa daga jerin waɗanda ka buɗe. To amma idan ram, wato wurin da waya ke riƙe manhajojin da ke buɗe, ya cika saboda ka shiga WhatsApp, ka leƙa manhajar banki, ga kira ya shigo, wayar na iya kashe wadda ke baya nan take, ba sallama. Haka idan caji ya ƙare, ko wayar ta faɗi ta mutu. Tun Android 8, a 2017, aka ƙara matse wa manhajojin da ke aiki a bayan fage, kuma masu ƙera wayoyi kowa na ɗora nasa tsarin tattalin batir a kai. Ƙaramar Tecno ko itel mai ram giga 2 ba ta da wurin da za ta yi wa manhajarka kara.

Tun daga tushe aka yi ginin a karkace. Ka ɗauka kana da yaron shago da ke riƙe cinikin yini a ka, ya ce sai an zo tashi zai rubuta. Ran da aka kira shi gida da azahar fa? Manhajar kirki tana rubuta kowane ciniki a ma'ajiyar wayar a daidai lokacin da ka danna, sannan in an samu intanet ta tura kwafi waje. Wadda aka gina haka, ko sau goma aka kashe ta a yini, ba abin da zai ɓata sai layin da kake cikin rubutawa. Wannan gyara ne na kuskurensa, bai kamata ya zama sabon ciniki ba.

Amma ni ba yaron ne ya fi damuna ba, kai ne. Ka jingine littafi a kan abin da ba ka gwada ba, don kawai ɗan gida ne ya yi. Lissafi ya ɓace sau ɗaya ka yi shiru, sau biyu ka yi shiru. Da bare ne ya haɗa maka, tun ran farko za ka tsare shi. Na taɓa zama da wata mai sayar da atamfa da ƙaninta ke riƙe mata lissafin masu ɗaukar kaya bashi a wayarsa. Aka sace wayar a adaidaita sahu. Ta bi mutane gida-gida, masu tsoron Allah suka faɗi abin da ke kansu, sauran kowa ya ce ai ya biya. Ba ta iya kai kowa ƙara ba, don ba ta da abin nunawa, ba ta kuma iya yi wa ƙanin magana ba saboda idon mahaifiyarsu.

Zancen 'yan kasuwa dubu kuwa, a bar shi tukuna. Manhajar da ta kasa riƙe lissafin shago ɗaya, ran da ta zubar da na mutum ɗari, ƙofar shagonka za su taru, don da sunanka suka saya.

Gobe ka sayi littafi, kowane bashi ya shiga takarda da manhaja tare, har tsawon wata uku. Yau ɗin nan ka kira abokan cinikinka tun ba su manta ba, ka kuma duba alat ɗin banki na ranar, zai rage maka waɗanda suka biya. Shi kuma yaron ya gyara, ka gwada a gabansa: rubuta ciniki biyar, share manhajar da yatsa, shiga saitin waya ka tsayar da ita da ƙarfi, kashe wayar ka kunna. In biyar ɗin suna nan, ka maimaita har kwana bakwai a wayar yaron shagonka, wadda ta fi taka rauni. Sai bayan nan ku zauna, da mahaifinsa a wurin, ku yi maganar kuɗi a rubuce.