Me Ya Faru a Ranar 1 ga Satumba a Tarihi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ranar 1 ga Satumba aka haife ni. Da na nemi sanin abubuwan da suka faru a ranar, sai na tarar da yaƙi da girgizar ƙasa da juyin mulki, har gabana ya faɗi. Don Allah a yi mini bayani, shin ba wani abin alheri da ya taɓa faruwa a wannan rana?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki. Kowace rana kika ɗauko a kalanda haka za ki same ta, domin marubuta tarihi sun fi kula da abin da ya yi ƙara. Ranar da aka wuni lafiya aka kwana lafiya, ba mai ɗaukar alƙalami. Sai dai kuma ba zan ɓoye miki ba, ranar taki ta ɗauko kaya masu nauyi.

Mafi nauyinsu shi ne na 1939. Da asubahin wannan rana wani jirgin ruwan yaƙin Jamus mai suna Schleswig-Holstein ya buɗe wuta a kan sansanin sojan Poland da ke Westerplatte, a bakin birnin Danzig, rundunonin Hitler kuma suka tsallaka iyaka. A daren da ya gabata Jamusawa sun shirya harin ƙarya a gidan rediyonsu da ke garin Gleiwitz suka ɗora wa Poland laifi, don su sami hujja. Birtaniya da Faransa sun shelanta yaƙi da Jamus ranar 3 ga wata, Tarayyar Sobiyet kuma ta afka wa Poland ta gabas ranar 17. Wannan ne ake kira farkon Yaƙin Duniya na Biyu, kodayake lissafin Turawa ne. Mutumin Sin zai ce miki nasu yaƙin da Japan tun Yulin 1937 yake ci. An sa hannu a takardar miƙa wuyan Japan ranar 2 ga Satumban 1945, shekara shida da kwana ɗaya ke nan.

Ita Japan ɗin tana da nata tabon a wannan rana. A 1923, saura minti biyu sha biyun rana ta cika, ƙasa ta girgiza a yankin Kanto. Lokacin girkin rana ne, wuta na ci a murahu, gidaje kuma na katako, saboda haka gobara ce ta cinye Tokyo da Yokohama, mutum fiye da 100,000 suka halaka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne jita-jitar da ta biyo baya, wai 'yan Koriya mazauna ƙasar suna zuba guba a rijiyoyi. A kan wannan ƙarya aka kashe dubbansu. Tun 1960 Japan ta mai da ranar ta atisayen kare kai daga bala'i.

Juyin mulkin da kika gani na Libiya ne, a 1969. Sarki Idris yana Turkiyya neman magani, Mu'ammar Gaddafi, matashin hafsa ɗan shekara 27, ya karɓe mulki, bai sake shi ba sai 2011. Akwai kuma garkuwar da aka yi da 'yan makaranta a Beslan ta Rasha a 2004, inda aka rasa rayuka fiye da 330, sama da rabinsu yara.

To, ga ɗaya ɓangaren. Ranar 1 ga Satumban 1961 aka buɗe taron farko na Ƙungiyar 'Yan Ba-ruwanmu a Belgrade, ƙasashe 25 suka hallara, shugabanni irin su Tito na Yugoslabiya da Nasser na Masar da Nehru na Indiya da Nkrumah na Ghana suna cewa ba su bayan Amurka, ba su bayan Sobiyet. A 1985 kuma aka gano tarkacen jirgin Titanic a ƙarƙashin Tekun Atlantika, shekara 73 bayan nutsewarsa.

Cikin abokan haihuwarki akwai Ibn Jubair, matafiyin Andalus da aka haifa a Valencia a 1145, da ɗan ƙwallon Holland Ruud Gullit a 1962. Amma wanda labarinsa ya fi ba ni mamaki shi ne Rocky Marciano, ɗan damben Amurka. An haife shi a ranar girgizar Kanto, ya yi dambe 49 ba a taɓa doke shi ba, ya mutu a hatsarin jirgin sama ranar 31 ga Agustan 1969, jajibirin cikarsa shekara 46, washegari kuma Gaddafi ya hau mulki.

A cikin waɗanda suka rasu akwai Louis na 14, Sarkin Faransa, a fadar Versailles a 1715. Ya hau karaga yana ɗan shekara huɗu, ya yi 72 a kai, ya binne ɗansa magaji da jikansa, har sarautar ta faɗa hannun tattaɓa-kunnensa mai shekara biyar.

Za ki kuma ga sunan Imam Bukhari, an ce ya rasu 1 ga Satumban 870. A nan sai a yi hattara. Abin da malaman tarihi suka rubuta shi ne daren ƙaramar Sallah, shekara ta 256 bayan Hijira, a ƙauyen Khartank kusa da Samarkand. Daga baya aka juya lissafin zuwa Miladiyya. Tunda a lissafin Musulunci dare ke gaba da yini, wasu kan rubuta 31 ga Agusta. Bugu da ƙari, kalandar da muke amfani da ita yau sai a 1582 aka soma aiki da ita, kafin nan tsohuwar ce ta Rumawa, kuma a zamanin Bukhari ratar da ke tsakaninsu kwana huɗu ce. Da tsohuwar kalandar ake lissafa wa Ibn Jubair ma, da duk wanda ya rayu kafin 1582. Khartank ɗin yau tana cikin Uzbekistan, ƙasar da ke bikin samun 'yancin kanta a ranar haihuwarki.