Amsa: Me ya sa 'yan jarida ba sa ɗaukar sanarwata?

Malama, kin ce kina tura wa gidajen jarida sanarwa amma shiru kamar an shuka dusa. Fara duba sakin layi na farko. Edita yana samun tulin sanarwa kullum, kuma daga layin farko yake yanke hukunci. Idan kin buɗe da tarihin kamfani da yabon shugaba, ai ya wuce tun kafin ya iso labarin. Wa ya yi me, yaushe, a ina, kuma me ya shafi mai karatu? Duk su fito a jimloli 2 na farko. Sauran bayani ya biyo baya bisa muhimmancinsa, ta yadda ko an datse ƙasan, labarin yana tsaye.

Sai batun wanda kike tura wa. Wakilin wasanni ba ruwansa da labarin sabon reshen banki. Ki nemo mai bin fanninku, ki karanta abin da yake rubutawa, ki aika masa da sunansa, da safe, kafin lokacin rufe shafi, wato lokacin da jarida ke daina karɓar labarai don a buga ta. Ki zuba rubutun a cikin imel ɗin kansa, ba a fayil ɗin PDF ba, domin ya iya kwafa. Hoto mai kyau da sunayen waɗanda ke ciki yana taimakawa ƙwarai.

Idan kin sa lambar waya, don Allah ki ɗauka in an kira. Ɗan jarida mai sauran awa ɗaya ya miƙa labari ba zai jira ki fito daga taro ba, wani zai nema.