Mil ko Kilomita? Amsoshin Tambayoyinku kan Tuƙi a Ƙasar Waje

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Zan tafi Ingila kwas na wata uku, kuma ina so in ɗauki hayar mota a can. An ce mini lambobin da ke kan allunan hanyarsu ba da kilomita aka rubuta su ba. Yaya zan gane gudun da ake nufi? Akwai manhajar da za ta riƙa yi mini lissafin?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya kai ka lafiya. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Birtaniya da Amurka da mil suke auna nisa da gudu, alhali kusan duk sauran duniya da kilomita take aiki. Abin da ke ruɗa baƙo shi ne allon Birtaniya ba ya gaya maka wanne ake nufi. Jan da'ira ce kawai da lamba a tsakiya, sauran ya rage naka.

Mil ɗaya kilomita 1.609344 ne cif, haka aka tsayar tun 1959. Ba sai ka haddace wannan doguwar lambar ba, 1.6 ta ishe ka, wato duk mil 5 kilomita 8 ne. In kana son lissafin da za ka yi da ka, ɗauki lambar da ke kan allon, ka ƙara mata rabinta, sannan ka ƙara kashi ɗaya cikin goma nata. A ce ka ga 70: rabinta 35, kashi ɗaya cikin goma 7, ka haɗa ka sami 112. Ainihin amsar 112.7 ce, ka ga ba ka yi nisa ba. Ta haka 60 ta zama 96, 50 ta zama 80, 30 ta zama 48, 20 kuma 32.

Waɗannan su ne lambobin da za ka fi cin karo da su. A Ingila ƙaramar mota 30 take yi a cikin gari, 60 a hanya mai hannu biyu da ba a raba tsakiyarta ba, 70 a tagwayen hanya da manyan titunan gudu. In ka tsallaka yankin Wales, tun Satumban 2023 aka mayar da yawancin hanyoyin cikin unguwa 20. Akwai kuma wani allo da ya kamata ka sani kafin ka sauka daga jirgi: farar da'ira da baƙin layi a karkace, babu lamba ko ɗaya. Baƙi da yawa suna ɗauka an sake musu mara ne su yi gudun da suka ga dama. Ma'anarsa ita ce a koma ƙa'idar ƙasa, 60 ko 70, gwargwadon irin hanyar.

Batun manhaja kuwa, ban ba ka shawara ba. Motar da za a ba ka haya a can agogon gudunta da mil yake, allon hanya ma da mil, don haka in allo ya ce 30, ka sa allura a kan 30, magana ta ƙare. Amfanin lissafin shi ne jikinka ya san nauyin lambar. Wanda ya saba da kilomita in ya ga 50 sai ya ji kamar rarrafe yake, alhali kilomita 80 yake zubawa. Sannan kada ka kuskura ka ɗauki waya a hannu kana tuƙi a Birtaniya, ko da a tsaye kake a danja. Tarar fam 200 ce da makin laifi 6 a kan lasisi.

Tambaya: Malam, mijina ya saya mini mota da aka shigo da ita daga Amurka. Lambobi layi biyu ne a agogon, manya a waje, ƙanana a ciki. Ƙasar da muke zaune da kilomita ake aiki. Wanne zan bi?

Amsa: Hajiya, ƙananan za ki bi, kuma taki tambayar ta fi ta farko haɗari. A motar da aka ƙera don kasuwar Amurka manyan lambobin mil ne, ƙananan na ciki su ne kilomita. Ki duba da kyau za ki ga an rubuta MPH kusa da manyan, km/h kusa da ƙananan. Ido kuwa babbar lamba yake fara kamawa. Idan allon hanya ya ce 100 kika kai allura kan babbar 100, gudun kilomita 161 kike yi. Inda ya dace allurar ta tsaya wajen 62 ne. Wanda ya yi kuskuren ta ɗaya gefen, wato mai agogon kilomita a ƙasar mil, iyakarsa ya yi ta jan jiki ana danna masa ham. Naki kuskuren shi ne mai kai mutum asibiti.

In motar mai allon lantarki ce, akwai sauƙi. Ki shiga saitin allon ta maɓallan jikin sitiyari, ki nemi wurin ma'auni, galibi Units ake rubutawa, ki mayar da shi kilomita. Ki yi wannan mota na tsaye. In kuwa mai allura ce zalla, sai ki riƙe lamba uku a ka: 50 na kilomita 31 ne a manyan lambobi, 80 shi ne 50, 100 kuma 62.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma ya shafe ki: mitar da ke ƙirga tafiyar motar ita ma da mil take. In ta nuna 80,000, motar ta ci kusan kilomita 129,000 ke nan. Haka in bakanike ya ce a juye baƙin mai bayan kilomita 8,000, a mitarki 5,000 za ki ƙirga. Masu jira sai mitar ta cika 8,000 sun wuce lokaci da kusan kilomita 5,000 ba su sani ba.

Tambaya: Tun da na sauka a Amurka Google Maps ya koma ba ni nisa da mil, ni kuwa ban iya kintata shi ba. Zan iya mayar da shi kilomita?

Amsa: Za ka iya. Manhajar tana bin ma'aunin ƙasar da ta tsinci kanta ne in an bar ta a kan zaɓin kai-tsaye. Taɓa hotonka a saman dama, shiga Settings, nemi Distance units, zaɓi kilomita. Manhajar nuna hanya ta Waze ma tana da irin wannan zaɓin a saitinta. Taswirar Apple ce ta bambanta, domin a sababbin iPhone ma'aunin wayar gaba ɗaya take bi, sai ka canza shi a sashen harshe da yanki.

Amma in kai ne da sitiyari, ni da na bar shi a mil. Allon hanya zai ce mafitarka saura mil 2, waya ta ce kilomita 3.2, kai kuma kana tsakiyar manyan motoci kana ƙoƙarin sasanta su. Waya da agogon mota da allon hanya su yi magana da baki ɗaya ya fi. In fasinja ne kai, yi yadda ranka ke so.

Tambaya: Na kunna ma'aunin gudu na Google Maps, sai na ga mota tana nuna 100, waya tana nuna 94. Duka kilomita ne. Wanne ya lalace?

Amsa: Babu wanda ya lalace. Mota juyawar taya take ƙirgawa, ta kintata gudu daga nan, shi ya sa girman taya da yawan iska da sudewarta duk suna taɓa sakamakon. Ƙa'idar da Turai da ƙasashe da dama ke bi ta hana agogo ya nuna ƙasa da ainihin gudu, amma ta yarda ya zarce da kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4. Kamfanoni sai suke ɗan ɗaga shi da gangan don kada su faɗa ƙasa. Waya kuwa daga saƙon taurarin ɗan'adam take lissafi, kuma a miƙaƙƙiyar hanya, da gudu bai-ɗaya, ita ta fi kusa da gaskiya. Rauninta shi ne takan makara in ka taka totur ko birki farat ɗaya, takan kuma ruɗe a cikin ramin ƙarƙashin ƙasa ko tsakanin dogayen gine-gine. Ka bi na mota, ratar nan ribarka ce a gaban kyamarar kama masu gudu. Abin da zai sa ka damu shi ne in waya ta riƙa nuna sama da mota. Wannan yakan faru in an sa tayoyin da suka fi na asali girma, kuma yana bukatar a duba.

Tambaya: Saudiyya da Dubai fa?

Amsa: Kilomita ne duka biyun.

Tambaya: Malam, daga Amurka za mu shiga Kanada da mota ɗaya. Akwai abin da zai canza?

Amsa: Kana wuce shingen iyaka lambobin sun zama kilomita, Kanada ta koma kansu tun 1977. Allon farko da zai ce maka 100 yana nufin 62 a agogon motarka ta Amurka. Hanya mafi sauri ta mayar da kilomita mil ita ce ka raba biyu ka ƙara kashi ɗaya cikin goma na lambar farko: 100 ta ba ka 60, 80 ta ba ka 48. Amsar tana ɗan gazawa kaɗan, kuma ta gefen da ba za a ci ka tara ba take gazawa. In allon motar na lantarki ne, canza ma'aunin tun kana layin jami'an shige-da-fice.

Ku dai kuna da shingen da zai tuna muku. Wanda ke tuƙi daga Belfast ta Arewacin Ayilan zuwa Dublin ta Jamhuriyar Ayilan ba shi da ko wannan, domin babu mai tsayar da shi a iyaka. Arewacin Ayilan da mil take, Jamhuriyar Ayilan kuma ta koma kilomita a 2005, sai dai kawai ya ga 70 ta zama 120 a kan hanya ɗaya, wato mil 75 a agogonsa.