Muryar Barista: amsa kan riƙon yara bayan saki

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Hajiya, na saurari muryar da kika turo kan ƙanwarki. An sake ta, yara biyu, namiji ɗan shekara 6, mace 'yar shekara 3, mijin ya zo ya kwashe su ya kai wa mahaifiyarsa, wai tunda an yaye su ai nasa ne. Kina tambaya ko tana da abin yi, kuma ko sai ta ɗauki lauya. To bari in amsa a nan, don na san ba ke kaɗai ce da wannan damuwar ba.

Maganar nan ta "an yaye yaro, ya koma gidan ubansa" al'adarmu ce, ba hukuncin shari'a ba. Kotunan shari'a na Kano, Katsina, Zamfara da sauransu da mazhabar Malikiyya suke aiki, kuma ko a Risala da muka karanta a islamiyya maganar tana nan ƙarara: bayan rabuwa uwa ce ke da riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Har ta tare fa, Hajiya, ba har a yaye ta ba. Wata mata ta je wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, tana kukan mijinta ya sake ta zai ƙwace ɗanta, ya ce mata ke kika fi cancanta da shi matuƙar ba ki yi aure ba. Sayyidina Umar da kansa, labarin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ya tarar da ɗansa Asim yana wasa a Ƙuba ya ɗauke shi, kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi, suka je gaban Sayyidina Abubakar, ya ce a bar mata yaron. Umar bai ƙara cewa uffan ba.

Yauwa. Sai abin da maza da yawa ba sa son ji. Ko uwar ta yi aure, riƙon ba tsalle yake yi ya faɗa hannun uba ba. Kakar yaro ta wajen uwa ce ke biye, sai 'yar'uwar uwa, ana bin dangin uwa mata tukuna, sannan a zo kan kaka ta wajen uba, sannan uban. Wato a maganar ƙanwarki, surukar da aka kai wa yaran tana can baya a layi, mahaifiyarku tana gabanta.

Amma kada a je a ce Barista ta ce uba ba shi da komai. Shi ne waliyyi. Karatun yara, tarbiyyarsu, aurar da macen in lokaci ya yi, duk da shi ake yi, kuma ba a hana shi ganinsu. Ci da sha, sutura, wurin kwana, kuɗin makaranta da na asibiti, a wuyansa suke ko da yaran suna hannun uwa. Alƙali yana yanka masa abin da zai riƙa bayarwa gwargwadon samunsa. Wannan ne ma, in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, yake sa wasu ƙwace yara. Ba son riƙon suke ba, gudun kuɗin wata suke.

To me alƙali zai duba? Zai tambaya, tana da hankali da lafiyar da za ta kula da su? Amintacciya ce? Inda take zaune yaro zai tsira a wurin? Ta yi wani auren? Nan ne ɓangaren miji ke kawo zarge-zarge, tana yawo, tana barin yara da maƙwabta, kaza da kaza. Ku sani wanda ya yi da'awa shi zai kawo shaidu, faɗa da baki ba ya wadatarwa. Akwai kuma batun ƙaura: in uba zai tashi gaba ɗaya ya koma gari mai nisa da zama, malaman Malikiyya sun ƙiyasta kamar mil 72, yana iya neman tafiya da yaran. Tafiyar fatauci ba ta cikin wannan.

Wanda ya yi auren rajista kuwa, hanyarsa daban, Babbar Kotu zai je, ƙarƙashin dokar aure ta 1970, kuma sashe na 71 ya ce maslahar yaran ita ce gaba da komai. Na faɗa ne don 'yan uwanmu Kirista da ke cikin zauren nan.

Batun lauya. Ba dole ba ne, kotun shari'a da Hausa ake magana, mace tana iya zuwa wurin rajistara ta shigar da ƙararta da kanta. Amma amfaninmu yana nan. Na sha ganin mace ta tsaya gaban alƙali, an tambaye ta me take nema, sai ta ɓuge da labarin kishiya da abin da uwar miji ta yi mata shekara biyar baya, tana kuka, lokaci ya ƙare ba ta furta "ina neman riƙon 'ya'yana da kuɗin ciyar da su" ba. Alƙali kuma abin da aka nema yake bayarwa. Lauya zai tsara mata da'awar, ya zaɓi shaidun da suka gani da idonsu, ya yi wa shaidun miji tambayoyi, in hukunci ya karkace ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a, har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha. Ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, ba a zama a kai. Sau da yawa ma ba a kaiwa can, mukan zaunar da su a yi sulhu, a rubuta ranar ziyara da ta hutu da abin da zai riƙa turowa, a kai wa alƙali ya tabbatar. In babu kuɗin lauya, akwai Legal Aid Council da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, a Kano kuma Hisbah na yin sulhu.

Abu ɗaya nake roƙo ki ja mata kunne a kai. Kada ta sa hannu ko ta dangwala yatsa a kowace takarda da dangin miji za su kawo sai an karanta mata. Musamman masu neman khul'i, akan saka a ciki cewa ta yafe riƙon yara, kuma wannan sharaɗin yana iya ɗaure ta. Kada kuma ta aika 'yan uwa maza su je ɗauko yaran da ƙarfi, sai maganar ta koma ta 'yan sanda.

Ta haɗa takardar sakin, takardun haihuwar yaran, katin rigakafi, rasit ɗin makaranta, da duk saƙon da ya turo mata a waya, kada ta goge ko ɗaya. Ta samo mutum biyu da suka ga lokacin da aka tafi da yaran. Kuma ta yi sauri, don in yara suka daɗe a can za a ce ai ita ta bar su da son ranta. Hajiya, ki turo min sunan ƙaramar hukumar da take ta saƙon sirri, in gaya miki kotun da ya kamata ta je ranar Litinin.