Koyar da Turanci a Sin: kafin ka tambayi abinci, fara tambayar biza

Assalamu alaikum. Ƙanina, na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari ne sai na samu natsuwa, don ba magana ce ta layi biyu ba. Ka ce ka gama digirin Turanci, ka yi bautar ƙasa, wani dillali ya yi maka alkawarin aikin koya wa yara Turanci a ƙasar Sin, ya ce ka shigo da bizar ɗalibi a gyara takardu daga baya. Kana son sanin yadda zaman yake, me za ka ci, ina za ka yi salla, da yadda suke ɗaukar baƙar fata. Ni na yi shekara biyar ina koyarwa a wata jami'a a Zhengzhou, babban birnin lardin Henan, daga 2017 zuwa 2022, saboda haka abin da zan faɗa maka ganau ne.

Amma ka yi haƙuri, ba da abinci zan fara ba. Wannan "a gyara daga baya" da dillalin ya faɗa, ita ce ta hana ni barci. Hanyar koyarwa da doka ta sani guda ɗaya ce: makarantar da ke da lasisin ɗaukar baƙi ta nema maka takardar amincewa da izinin aiki tun kana gida, ka kai ta ofishin jakadancinsu a ba ka biza mai harafin Z. In ka sauka, kana da kwana 30 ka mayar da ita takardar zama, bayan an yi maka gwajin lafiya. In ba a otal ka kwana ba, cikin awa 24 sai ka yi rajista a ofishin 'yan sandan unguwar. Suna neman digiri, da shekara biyu ta gogewa ko takardar TEFL (shaidar horon koya wa baƙi Turanci), da shaidar cewa ba ka da laifi a wurin 'yan sanda, duka an buga musu hatimi. Ga kuma inda gizo ke saƙar: aikin malamin Turanci sun fi ware shi ga masu fasfon Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostareliya, New Zealand, Ayalan da Afirka ta Kudu. Mu da muke Turanci tun daga firamare, a idonsu ba harshenmu ba ne. Ni abin da ya buɗe min ƙofa shi ne digiri na biyu da na yi a Ingila, ko da shi ma sai da jami'ar ta yi ta kai gwauro ta kai mari wata huɗu.

To wanda bai samu Z ba fa? Dokarsu ta shige da fice, wadda ta fara aiki a 2013, ta ce baƙon da aka kama yana aiki ba izini za a ci shi tarar yuan (kuɗinsu) 5,000 zuwa 20,000, in abin ya yi tsanani a tsare shi kwana 5 zuwa 15, kuma ana iya korarsa daga ƙasar. Na san wani yaro ɗan wajenmu, ɗalibin injiniya, yana zuwa wata cibiyar yara ranar Asabar. An koya masa cewa in ya ji mai tsaron ƙofa ta yi tari sau biyu, ya fice ta matakalar baya. Wata takwas yana haka, ya rame kamar mai jinya. Da matar da ke da cibiyar ta riƙe masa albashin wata biyu, wa zai kai wa ƙara? Ranar da aka zo kame, ita ta biya tararta ta buɗe washegari, shi kuwa karatunsa da komai suka bi ruwa. Ka ƙara da cewa a Yulin 2021 gwamnati ta fito da tsarin rage wa yara nauyin aikin gida da darasin bayan makaranta, ta hana cibiyoyin darasi masu neman riba koyar da darussan manhaja, Turanci a ciki. Na ga benaye guda guda da a da suke cike da ihun yara sun koma kango cikin 'yan watanni. Irin aikin da dillalinka yake kwatantawa, shi ne daidai wanda aka fi sa wa ido yanzu.

In kuwa Allah ya sa ka samu ta hanyar gaskiya, to zaman yana da daɗinsa, kada ka ce na tsorata ka kawai.

A jami'a awa 16 nake shiga aji a mako, albashi yuan dubu takwas da ɗoriya, gida kyauta a cikin makaranta, wuta da ruwa ba sa ɗaukewa. Masu koyarwa a makarantun reno da na 'yan gayu sun fi mu kuɗi nesa ba kusa ba, amma su daga safe har yamma suna tsalle da waƙa, kuma iyaye na leƙe ta taga. Ajina ɗalibai arba'in zuwa hamsin. Ranar farko na shiga da ƙwarin gwiwa irin na malamin Kano, na jefa tambaya, na tsaya. Shiru. Na sake. Kowa ya sunkuyar da kai kamar ana zaman makoki. Na koma gida ina cewa yaran nan ba su san komai ba, sai da na karɓi rubutunsu na ga nahawun wasu ya fi na wasu malamanmu. Ashe tun aji uku na firamare suke Turanci, amma duk don jarrabawa, musamman gaokao, jarrabawar shiga jami'a da ake farawa ranar 7 ga Yuni, wadda ita ke yanke wa yaro makomarsa. An cika musu kai da ƙa'ida, ba a taɓa ce musu su buɗe baki ba. Ga tsoron kunya a gaban tsara, abin da suke kira mianzi, wato fuska. Mu da muka taso da kara da kunya bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Da na daina kiran mutum ɗaya a gaban aji, na koma raba su uku uku, na kuma riƙa kwaɓa Sinancina da gangan su yi min dariya, sai bakin ya buɗe. Wata yarinya da ta yi zango guda ba ta ce uffan ba, ita ce daga baya ta tsare ni rabin awa tana tambaya ko da gaske ne namiji yana auren mata huɗu a garinmu, kuma ta yaya suke raba girki.

Suna girmama malami, wannan ba a faɗa. Laoshi, wato malam, za ka riƙa ji ko'ina, ranar 10 ga Satumba kuwa, ranar malamai, teburina cika yake da tufa da kati. Abin da ya ba ni wuya shi ne tsarin ofis: a sanar da kai taro da dare a ce gobe da safe, ko a ba da hutun mako a farkon Oktoba sannan a ce Asabar ko Lahadi za a zo a rama. Kuma ba a cewa "a'a" kai tsaye. In shugaban sashe ya ce abu "yana da ɗan wahala", ka haƙura, an hana ka ke nan.

Maganar abinci, kwantar da hankalinka. Ka haddace haruffa biyu kacal, 清真, ana karanta su qingzhen, ma'anarsu halal. Kusan kowace unguwa akwai shagon taliyar Lanzhou mai koren allo, na Musulmin ƙabilar Hui ko 'yan uwansu, za ka ga mai shagon da farar hula yana jan ƙullu da hannu har ya zama zare. Kwano ɗaya da romon naman sa bai wuce yuan goma sha ba a lokacina. A Henan suna da huimian, taliya mai faɗi cikin romon rago, da hulatang, wani kunun yaji da ake sha da safe, wanda in mura ta kama ka ya fi allura. Yawancin jami'o'i ma suna da ɓangaren halal a ɗakin cin abinci. Inda za ka yi hattara shi ne sauran shaguna: ka ce ba ka cin alade, su ce to, su kawo maka ganye da aka soya da kitsensa, don a wurinsu wannan ba nama ba ne. Tsinken cin abinci mako biyu ya ishe ka ka iya. Ruwan zafi kuma dole ka saba, shi ne maganin komai a wurinsu, daga ciwon kai har ɓacin rai. Ka taho da kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa da yaji a leda mai kyau. Garin masara suna da shi, tuwo yana yiwuwa.

Liyafar ma'aikata ita ce jarrabawar farko. Za a zuba baijiu, giyarsu mai kama da ruwa, kowa ya zo ya ɗaga maka kofi ya ce ganbei, wato a shanye. Tun zaman farko ka faɗa a fili cewa kai Musulmi ne, ka ɗaga kofin shayi da hannu biyu, ka saukar da shi ƙasa da na babba. Sun san Hui, za su fahimta. Wanda ya kurɓa sau ɗaya don kara, shi ne ba ya sake samun hutu.

Salla kuwa, a gundumar Guancheng ta 'yan Hui akwai tsohon masallaci da ake kira Beida, ginin katako da rufi mai lanƙwasa, in ba a faɗa maka ba ka ce fadar sarki ce. Can nake Juma'a. Juma'a ranar aiki ce, sai ka roƙi mai tsara jadawali tun farkon zango ya bar maka azahar ɗinta. Limaminsu ahong suke ce masa, wa'azi da Sinanci, mazhabarsu Hanafiyya, ranar da na saki hannu a sahu wani tsoho ya kamo su ya ɗora min a ciki cikin tausayi, ya ɗauka sabon musulunta ne. Ba ka jin kiran salla a gari, wayarka ce ladaninka. Azumin 2018 ya faɗo tsakiyar Mayu zuwa Yuni, awa 16 da wani abu, ina magana a aji tun safe. Abu ɗaya: dokarsu ta hana baƙo wa'azi ko jawo 'yan ƙasa cikin addini, kuma a aji ka nisanci maganar Taiwan, Tibet, Xinjiang da siyasa gaba ɗaya. Akwai kyamara a azuzuwa da yawa, wasu kwantiragin ma an rubuta hanin ɓaro ɓaro.

Baƙar fata. Zan faɗa maka yadda na gani, ba ƙari ba ragi. Kallo za ka sha shi har ka ƙoshi. Yaro zai nuna ka ya ce laowai, baƙo, ko heiren, baƙin mutum. Za a ɗauke ka hoto ba sallama. Wata tsohuwa a kasuwar kayan miya ta taɓa goga min yatsa a hannu ta duba ko zai fita, sannan ta cusa min lemo uku ta ƙi karɓar kuɗi. Yawanci ƙauyanci ne, ba mugunta ba, irin yadda yaranmu ke bin Bature a ƙauye. Amma akwai na gaske. Na ga tallan aiki da aka rubuta farare kawai ake so, na ga ɗan Rasha da ba ya iya haɗa jimla biyu yana karɓar abin da ya fi nawa. A Afrilun 2020, lokacin korona, an fitar da 'yan Afirka daga gidaje da otal a Guangzhou, har kakakin majalisar wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya zaunar da jakadan Sin a Abuja kan maganar. Ni a Zhengzhou ba a kore ni ba, amma na yi makonni in na shiga lif mutane su fita. Maƙwabcina kuma, tsohon malamin lissafi, shi ya riƙa ajiye min kayan miya a bakin ƙofa.

Sauran ƙananan abubuwa: kuɗin hannu sun kusa zama tarihi, komai da manhajar waya ta WeChat ko Alipay ake biya, har mai gasa dankali a titi. WhatsApp, Facebook, Google da YouTube a toshe suke, sai da VPN, manhajar da ke buɗe shafukan da aka toshe, kuma ka sauke ta tun kana gida. Suna gabanmu da awa bakwai, in Hajiya ta idar da isha'i tana son hira, kai kana tsakiyar barci. Sanyi ba irin hunturunmu ba ne, har ƙanƙara take sauka, sai dai a arewacin ƙasar ana kunna ɗumin ɗaki daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Maris. A kudu babu wannan, cikin ɗaki ma da riga uku ake kwana. Lokacin da kaɗaici ya fi cizo shi ne hutun sabuwar shekararsu, makaranta ta watse, shaguna a rufe, har mai taliyar ya tafi garinsu. Ni nakan hau jirgin ƙasa mai gudu, awa shida ina Guangzhou, in sauka unguwar Xiaobei in ji 'yan kasuwar Kano da Maraɗi suna ciniki da Hausa, in ci tuwo da miyar kuka, in dawo da hankalina a jikina.

Tura kuɗi gida ma yana komawa kan takarda ne. Banki ba zai canza maka albashi zuwa dala da yawa ba sai ka nuna kwantiragi, izinin aiki da shaidar biyan haraji. Mai bizar ɗalibi ba shi da ko ɗaya, sai ya bi ta hannun 'yan canji, in an daskarar da asusunsa ba shi da bakin magana.

Ka koma wa dillalin nan da tambaya uku: sunan makarantar da garin da take, ko tana da lasisin ɗaukar baƙi, da ranar da za ta turo maka takardar amincewa da izinin aiki mai ɗauke da sunanka da lambar fasfonka. Kada ka ba shi ko sisi kafin nan, kada kuma ka yarda wani ya riƙe maka fasfo. In ya turo kwantiragi, ka rufe sunanka ka aiko min ta saƙon sirri in duba maka, musamman wurin da aka rubuta sunan aikin, don wasu "manajan talla" suke rubutawa su tura ka aji.